Numfashin da Aka Yanke

SHAFI NA 23

Masu cika min waya da saƙo wai na ɓoye Mama a gida kamar kayan ado, to ku sarara min haka. Yau da ƙafarta ta hau benen sutudiyo.

Auta ce a gaba, rungume da jakar Mama kamar wani zai ƙwace. Yayanta na biye da su yana kaɗa makullin mota. Tun daga gida bai ce uffan ba, shi da ko a danja aka tsaya sai ya sami wanda zai ja da surutu.

Yau za a saurari kundin waƙoƙin Auta na farko, daga kai har ƙafa, kafin Injiniya, mai haɗa sautin, ya tura wa kamfani da yamma. Da an tura kuma shi ke nan, babu sauran gyara.

"Mama a hankali, matattakalar ƙarshen nan ta fi sauran tsayi."

"Ke dai ji da ƙirjinki. Tun daga ƙasa nake jin fitonsa."

Auta ta yi dariya, ta shafa aljihun da inhelarta take. Da asma ta tashi tun tana zanin goyo, kuma a hakan Allah Ya zuba mata muryar da in ta ja waƙar taushi sai ka nemi wurin zama.

Injiniya ya miƙe da sauri ya rusuna. "Sannu da zuwa Mama. Yau sutudiyo ta yi babbar baƙuwa."

"Kai ne kake riƙe min ita tun safe har yamma?"

"Ni ne mai laifin."

"To Allah Ya yi albarka. Amma ɗakin naku ba taga ne?"

"Sauti ba ya son taga, Mama."

"Mutum fa?"

Aka yi dariya, har da Yaya, amma tasa iyakarta leɓe.

Ɗakin ƙarami ne, an manne bangonsa da baƙin soso. Ga tebur cike da na'urori, ga doguwar kujerar da tsakiyarta ta lotsa. Gilashi ne ya raba shi da ɗan ɗakin makirfo, da labule ta ciki, don Auta ba ta iya waƙa ana kallonta. A bakin ƙofar ɗan ɗakin akwai wani kwanon roba. Dokar Injiniya ce: duk abin da ke ƙara a jikinka, awarwaro ne, makulli ne, a nan za ka zube shi kafin ka shiga, don makirfon nan ko haɗiyar yawu ba ya bari.

Doguwa, 'yar amshin Auta kuma ƙawarta tun suna makaranta, ta taso daga ƙarshen kujera ta durƙusa.

"Ina wuni Mama."

"Lafiya lau 'yar nan. Kwana biyu kin yi mana yaji."

"Wallahi aiki ne Mama."

Ta faɗa tana kallon kafet. Auta ba ta lura ba, hankalinta na kan Injiniya da ke miƙa wa Mama abin kunne na sauraren sauti.

"Wannan ba zai rushe min ɗauri ba?"

"In ya rushe ni zan biya, Mama."

Ta saka, ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a cinya ta lumshe ido. Sauran suka saurara ta sifika.

Fiyano ya fara shigowa shi kaɗai, a hankali. Sai muryar Auta ta biyo, sumul, ba ko ƙura.

Auta ba waƙar take ji ba. Fuskar Mama take karantawa. Ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, Mama ba ta motsa ba, sai babban yatsanta da ke ɗan bugun cinya. Duk wanda ya taɓa kai wa mahaifiyarsa aikin hannunsa ya tsaya jiran abin da za ta ce, ya san irin zaman da Auta take yi.

Ana tsakiyar kundin Mama ta ɗaga hannu. Injiniya ya tsayar.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Wallahi ya yi daɗi. Amma ɗan nan, tambaya zan yi, kar ka ce tsohuwa ta cika ƙauyanci."

"Haba Mama."

"Ina numfashinta?"

Injiniya ya yi murmushi, ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Kin ga waɗannan manyan tuddan? Muryarta ce. Da can tsakaninsu akwai 'yan ƙanana, su ne numfashi. Mukan bi su ɗaya bayan ɗaya mu yanke. Kuma ba a tafiya ɗaya take rerawa ba, layi layi take yi, ni kuma na zaɓi wanda ya fi kyau na ɗinke su."

"Kamar tela."

"Kamar tela, Mama. Kowa haka ake yi masa."

"To. Aikinku ne, ku kuka san shi." Ta gyara abin kunnen. "Ni dai da numfashin nan na raine ta. Tana ɗaki ina tsakar gida, daga yadda ta ja na san ko na ci gaba da wankina ko na yar na ruga. Shi ya sa da na ji shiru tsakanin maganganun, sai gabana ke faɗuwa. Ci gaba abinka."

Aka ci gaba.

Har aka zo waƙar ƙarshe, wadda Auta ta sa wa suna Ina Nan. Ita ce ta rubuta wa Mama, ita ce kuma sunan kundin gaba ɗaya. A ƙarshenta akwai wani dogon ja, inda murya ke hawa sama ta tsaya a can kiɗa na zagaye ta.

Kun tuna ranar da aka ɗauki wannan jan. Auta ta yi ta gwadawa ƙirji na riƙe ta, har ta zame ta zauna a ƙasa, Yaya ya sauko da ita daga bene a hannu. Bayan ta warware Injiniya ya ce mata ta kwantar da hankali, ɗaya daga cikin waɗanda ta yi ya fita tas. Tun ranar take yawo da wannan farin cikin.

Jan ya zo. Ya hau, ya tsaya cak, ya sauka lafiya.

Auta ta kalli Mama tana jiran hawaye.

Mama ta buɗe ido.

"Mai da min baya kaɗan."

Injiniya ya mayar. Yaya ya daina kaɗa makulli.

Aka sake ji.

Mama ta zare abin kunnen a hankali, ta ɗora a cinya.

"Wannan ba Auta ba ce."

"Mama ni ce mana," Auta ta ce tana dariya. "Na'ura ce ta goge shi ya yi santsi."

"Daga farko ke ce. Har inda kika ce ina, ke ce. Daga nan wata ta karɓa."

"Mama..."

"Ke in kika kai ƙarshen iskarki, muryarki rawa take yi, da ɗan fito a ƙasanta. Mai wannan ƙirjin ba ta taɓa neman iska ta rasa ba." Ta juya ƙarshen kujera. "Doguwa, ɗago ki kalle ni."

Doguwa ba ta ɗago ba.

"Shekara nawa kuna min waƙa a kan wanke-wanke ke da ita? Kina zaton zan ɓata muryarki?"

Sai kafaɗun Doguwa suka fara rawa.

Dariyar da ke fuskar Auta ta daɗe ba ta sauka ba, kamar ba a sanar da ita abin da ya faru ba. Ta juya wurin Injiniya.

"Oga, gaskiya ne?"

Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Gaskiya ne. Ni na haɗa."

"Ka ce min nawa ya fita."

"Na ce."

"Ka rungume na'urarka ka ce min yau na zama mawaƙiya."

"Kin zama, Auta. Duk sauran kundin..."

"Wa ya sa ka?"

Injiniya ya juya hularsa a kan tebur.

"Oga, kai ba ka taɓa canza min ko harafi ba sai ka tambaye ni. Wa ya sa ka?"

"Ni ne."

Daga bakin ƙofa maganar ta fito. Yaya ya tura makullin a aljihu, ya tako tsakiyar ɗakin.

"Ni na same shi. Ni na kira Doguwa. In faɗa za ki yi, ga ni."

Auta ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi masa sauƙi.

"Yaya, kai?"

"Ni."

"Kai da ka sayo min makirfon wasa ina 'yar ƙarama? Kai da kake zama a mota cikin rana kana jira na gama?"

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Ke ba ki ga kanki ba ranar nan. Ni na gani." Ya yi gyaran murya. "Leɓenki ya canza kala. Ina saukowa da ke ina kiran sunanki, idonki a buɗe amma ba ni kike kallo ba. Likita ya ja ni gefe ya ce waƙa ba laifi, amma ki daina matse ƙirjinki har ƙarshe. Na san in na faɗa miki washegari za ki dawo ki sake. Ƙarya na yi?"

Auta ta kawar da kai.

"Na gwammace ki tsane ni kina numfashi."

"To in an kira ni taro fa? Aka ce na rera Ina Nan a gaban mutane?"

"Sai a sa faifan a ƙasa, ki bi."

"Na riƙa motsa baki kenan."

"Manya ma suna yi."

"A waƙar da na rubuta wa Mama. Na tsaya ina ce mata ina nan, alhali ba ni ba ce a wurin."



Ni dai ban san bayan wa zan bi ba a nan, ku ma kar ku yi saurin yanke wa Yaya hukunci. Wanda bai taɓa ɗaukar ƙanwarsa a hannu yana roƙon Allah ta ja iska ba, da sauƙi zai ce an ci amana.

Auta ta je ta tsuguna gaban Doguwa.

"Ke kuma kukan me kike yi?"

"Wallahi cewa aka yi za a sa tawa a ƙasan taki, ta ɗan tallafa. Sai daga baya na ji an cire taki gaba ɗaya. Kullum na ɗauki waya zan kira ki sai na kasa."

"Shi ya sa kika daina zuwa gida."

"Ta ina zan kalli Mama?"

"Kin yi shi da kyau fa," Auta ta ce, ta share mata fuska da gefen mayafinta. "Har kishi nake da kaina ashe ke ce. Kuma ko sunanki ba a rubuta a wurin ba."

Doguwa ta yi wata dariya mai haɗe da kuka.

Injiniya ya ja kujerarsa kusa.

"Auta, saurare ni. Laifi na yi, ban musa ba. Amma akwai mafita. Ko mu sauke waƙar ƙasa yadda ba za ta wahalar da ke ba, ko mu gajarta jan. Ko kuma mu cire ta, kundin ya fita ba ita."

"In an sauke ta, ta mutu. Kai ka faɗa min da bakinka."

"Na faɗa."

"In an cire ta, kundin ba shi da suna."

"To mu roƙi kamfani su ƙara mana lokaci."

"Sun ƙara mana a baya, sun ce shi ne na ƙarshe."

Ta miƙe ta fara zare awarwaronta.

"Kunna min makirfo."

"Ba ki isa ba," in ji Yaya.

"Tafiya ɗaya zan yi, daga farko har ƙarshe. Ba ɗinki. Kuma Oga, ko numfashi ɗaya ka yanke min, na bar maka kundin ka sa sunanka."

Yaya ya juya. "Mama ki yi mata magana!"

Mama ta daɗe tana kallon abin kunnen da ke cinyarta.

"Auta."

"Na'am Mama."

"Ban faɗa don ki shiga ɗakin can ba. Na faɗa ne don ba na iya jin abu na haɗiye. In kin tura shi a haka, ba zan rage ki da komai ba."

"Amma duk ranar da aka sa a rediyo za ki san ba ni ba ce."

"Zan sani. Sai na ci gaba da aikina."

"Ni kuma fa, Mama? Ni da me zan ci gaba?"

Mama ta kalle ta, irin kallon da take mata tun tana ƙarama in ta nace sai ta bi yara guje-guje. Tsoro ne fal a cikinsa, amma ba ta taɓa ɗaure ta a ɗaki ba, yau ma ba za ta fara ba.

"Shaƙi maganinki tukuna. A gabana."

Auta ta ciro inhelar, ta girgiza, ta shaƙa, ta riƙe, ta saki a hankali.

"In kika ji ya fara riƙewa, ki saki waƙar. Waƙa ba ta gudu."

"To Mama."

"Ba to Mama ba. Ki saki."

"Zan saki."

Yaya ya tare bakin ƙofar. "To da ni za a shiga."

"In kana ciki ba zan iya ba, Yaya. Idonka kaɗai tsoro yake ba ni." Ta dafa hannunsa. "Ban tsane ka ba. Matsa min."

Ya matsa. Ban taɓa ganin namiji ya matsa daga bakin ƙofa da nauyi irin haka ba.

Ta tsaya gaban kwanon roba kamar kullum. Awarwaro, 'yan kunne, zobe, ta zube duk abin da ke hannunta a ciki, har da inhelar, da yake hankalinta ya riga ya shige ɗakin. Ba wanda ya lura, kowa fuskarta yake kallo.

Ta shiga, ta sa kafaɗa ta tura ƙofar mai nauyin nan har ta kama. Ta ja labule.

Jar fitila ta kama a saman ƙofa.

Mama ta mayar da abin kunnen.

Fiyano ya shigo.

Sai aka ji shi. Kafin kalmar farko, wani dogon jan iska, da ɗan siririn fito a ƙarshensa. Ya cika ɗakin ta sifika kamar tana tsaye a tsakiyarsu.

Mama ta gyaɗa kai. "Yawwa. Ga ta nan."

Auta ta shiga waƙar ba gaggawa. Muryar ba ta kai ta ɗazu santsi ba, akwai inda ta ɗan karce, akwai inda ta makara da kaɗan ta kamo kiɗan. Tsakanin kowane layi numfashin na nan, ana jin shigarsa ana jin fitarsa. Hannun Injiniya ya tafi kan na'ura don sabo, ya janye shi ya soke a hammata.

"Ban taɓa jin ta haka ba," ya faɗa ƙasa ƙasa.

Doguwa na bin amshin da leɓe, ba sauti. Yaya ya jingina goshinsa da bango ya rufe ido.

Baiti na farko ya wuce. Na biyu ya wuce.

Yatsan Mama ya daina bugun cinya. Ta ɗan karkata kai gefe, yadda take yi a tsakar gida in tana sauraren ɗaki.

Kiɗa ya lafa, ya ba ta fili.

Auta ta ja iska, mai yawa, har fiton ya fito fili.

Ta ce ina.

Sai ta hau.

Ta kai can saman ta tsaya. Muryar na rawa kamar yadda Mama ta faɗa, tana rawa amma ba ta faɗi ba. Ta wuce inda ta zame ranar nan. Ta wuce inda Doguwa ta sauka. Ta riƙe har fiyano ya zo ya tarye ta, sannan ta ajiye kalmar a hankali.

Injiniya ya ɗaga hannuwa sama biyu. "Ta yi! Wallahi ta yi!"

Doguwa ta daka tsalle ta toshe baki. Yaya ya juyo yana dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Kun ga 'yar banzar yarinyar nan? Kun gan ta?"

Mama ba ta motsa ba.

Ta sa tafukanta biyu ta danne abin kunnen.

"Ku yi min shiru."

Suka yi tsit. Fiyano na ƙarasa 'yan sautukansa na ƙarshe. Labulen bai motsa ba.

"Ɗan nan."

"Na'am Mama."

"Ka yanke wani abu ne yanzu?"

"A'a Mama, ban taɓa komai ba. Kai tsaye kike jin ta."

Mama ta miƙe tsaye, abin kunnen ya zame ya faɗi ƙasa.

"To ba ta sake jan numfashi ba. Ku buɗe ƙofar nan."